Shekara Tara Ina Gudun Hajiya Inno

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya riƙe raina har yau. Baba Fasto, iyayena na zumuntar mata, ku yi haƙuri da ni. Yau sai na faɗa.

Sunana Saratu. Yawancinku da turara shinkafa kuka san ni. Abin da ba ku sani ba, shekara goma ke nan ina ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Bayan rasuwar maigidana aka gwada ni.

Ga asibiti nan cikin Talata Mafara, da ƙafa ma zan iya zuwa. Amma ni, sarauniyar wayo, har Maradun nake tafiya karɓar magani. Saboda me? Maƙwabciyata Hajiya Inno ma'aikaciyar jinya ce a sashen da ake ba da shi. Katanga ɗaya ta raba mu, kuma a wurina take sayen shinkafa. Na ce gara in mutu da ta ga sunana a kati. Sai in ɗora buhu a babur, in ce wa mutane na tafi kai kaya.

Kun san yadda hanya ta zama saboda 'yan bindiga. Wani watan a ce kada kowa ya bi, wani watan mai babur ya ƙi. Sai in yi sati uku, har wata biyu, ban sha magani ba. In dubi jikina in ce ai ban rame ba, lafiyata lau.

Damanar bara ciwon haƙarƙari ya kwantar da ni sau uku. A na ukun numfashi ma sai da ƙyar. Ina kwance a tabarma da rana tsaka, na yi addu'ar da ban taɓa yi ba. Na ce, "Ya Yesu, na gaji da ɓoyo. Ka kai ni duk inda ka ga dama." Ban rufe baki ba sai ga sallama. Hajiya Inno ce! Tarina ta jiyo ta katanga.

Ba ta tsaya tambaya ba, ta sa aka ɗauke ni sai asibiti. Da na ɗan farfaɗo na kama hannunta na ce, "Hajiya, ina da cutar nan."

Ta ce, "To sai mi? Ina kike amsar magani?"

Na ce Maradun. Ta riƙe haɓa. "Saratu! Don ni kinka yi ta wagga wahala?"

Kunya ta rufe ni. Na ce, "Hajiya, me ya sa ciwo ɗaya yake ta dawo mini?"

Ta gyara zama ta ce, "Cikin jininki akwai wasu 'yan ƙwayoyi, likitoci na ce musu B. Ki ɗauke su maƙera. Duk cutar da ta shigo, su ƙera mata makami daidai ita, su aje samfuri don ranar da ta dawo. Ita wagga cuta, in ta daɗe ba magani, ba ta barin su huta. Kullum zuga wuta suke, suna ƙira barkatai, har su gaji. Masu aje samfurin kuma su ragu. Shi ya sa ciwon da jikinki ya sani jiya, yau shi shigo kamar baƙo."

Na ce, "Za su farfaɗo?"

Ta ce, "In kin riƙe magani ba fashi, za su samu sauƙi ƙwarai. Ban ce maki duka ba, don an daɗe. Wasu alluran rigakafi ma sai an sake maki."

'Yan'uwa, na yi kuka, amma ba na tsoro ba. Mamakin Allah ne ya kama ni. Ashe ya zuba mini ma'aikata a jini, suna ta yi mini yaƙi ban sani ba, ni kuwa ina ƙara musu wahala don kunyar idon mutum! Kai, wane irin Mahalicci ne wannan!

Ita kuma Hajiya Inno, ban san da bakin da zan yabe ta ba. Ita ta dawo da katina nan garin. Ko mijinta bai ji daga bakinta ba. Har gobe tana zuwa sayen shinkafa, tana yi mini tsiyar tsakuwa ta yi yawa. Ita Musulma, ni Kirista, amma na san wanda ya aiko ta ranar nan.

Yau shekara guda ban tsallake magani ko na kwana ɗaya ba. Damanar bana ta wuce ban kwanta ba. Halleluya!

Ban ce muku cutar ta fita ba. Tana nan, magani ya danne ta. Abin da Yesu ya fitar da ni daga ciki ɓoyo ne, shi ne ya kusa kai ni kabari.

Na gode wa Ubangiji. Ku dogara gare shi, ku kuma sha maganinku. Na san a cikinmu akwai mai zuwa Bakura ko Maradun a ɓoye kamar yadda na yi. Ba sai ka ɗaga hannu ba. Ranar Alhamis da safe zan je karɓar nawa. Duk wanda zuwa shi kaɗai ya yi wa nauyi, ya biyo ta gidana, mu tafi tare.