Abin da Muka Gani Wurin Wankan Gawa

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, daga Jushi nake rubutowa.

Maƙwabciyata Talatu ta daɗe tana jinyar mahaifiyarta mai shanyewar jiki, ita kaɗai. Da tsohuwar ta rasu, ni da wata mata muka yi mata wanka, muka ga gyambon kwanciya a bayanta. Na ci gaba da wankan. Abokiyar wankan nawa kuwa, tun ba a dawo daga maƙabarta ba ta shaida wa matan zaman makoki: "Ai barin ta aka yi ta ruɓe."

Maganar tata ta ba ni ƙyama, Malam. Yanzu Talatu ko famfo ba ta iya fita. Ni na san ciwon ɗan kaɗan ne. In fito in faɗa, ko ni ma na ci amanar mamaciya ke nan?