Na Hau Dutsen Nebaj da Ƙafar da Ta Shanye

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Kristi, wanda ya tsayar da ni a gabanku yau. Fasto, dattawa, iyayena mata na zumunta, na gode da kuka ba ni wannan fili. Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Rifkatu, ni nas ce, mijina ya rasu tun ɗanmu Ishaya yana ƙarami.

An kawo mini kujera. Ku mayar da ita. A tsaye zan yi magana.

Na daɗe ina aiki a wani asibiti da ke gefen birnin Madina, ta wajen Uhudu. Da aikin nan na riƙe gida, da shi Ishaya ya yi karatu har ya samu gurbin koyon likitanci a Kuba. A ɗakin da nake aiki akwai wata abokiyata, Hajiya Zainabu. A can aka haife ta, a unguwar Ƙurban, amma kakanninta mutanen Kano ne. Musulma ce, ni Kirista, kuma ban taɓa samun 'yar'uwa kamarta ba. Hausarta rabi Larabci ce, sai ta fara magana da yarenmu ta ƙarasa da nasu.

Wata safiya ina miƙa aiki, sai alƙalami ya faɗi daga hannuna. Na sunkuya in ɗauka, ƙasa ta taso ta same ni. Ina jin Hajiya tana kiran sunana, ina so in amsa, bakina ya karkace. Hawan jini ne ya buge ni. Ɓarin jikina na hagu ya shanye, hannu da ƙafa.

'Yan'uwa, ni da nake juya marasa lafiya a kan gado, ni aka koma ana juyawa. Ta tagar ɗakin da aka kwantar da ni ina hango dutsen Uhudu, ja, babu ko tsiro a jikinsa. Sai in yi ta kallonsa ina kuka. Ba zan ɓoye muku ba, addu'a ta ƙafe a bakina. Na yi fushi da Allah. Na ce masa, na yi wa mutane hidima, na riƙe maraicina da mutunci, sakamakona ke nan?

Hajiya Zainabu kullum sai ta zo mini da fate ko miyar kuka daga gidanta, ta ba ni a baki. Rannan ta tarar na juya fuskata bango, ta ajiye kwanon da ƙarfi.

Ta ce, "Halas, ya Rifkatu, kukan ya isa. Kakata da ciki ta taka daga Kano har nan, ba mota ba jirgin sama. Ke daga gado zuwa ƙofa ya gagare ki? Yalla, tashi."

Ita ta fara tsayar da ni. Ina jingine a kafaɗarta, tana yi mini addu'a irin tasu, ina jan ƙafa kamar an ɗaura mini turmi.

Da aikina na Madina ya ƙare, aka dawo da ni gida Billiri. Kun gan ni a lokacin. Na ci gaba da zuwa gashin ƙashi a asibiti, bakina ya ɗan daidaita, ƙafar ta fara ɗaukata ina janta, hannun kuwa ko cokali ba ya riƙewa sosai. Amma ciwon da ya fi ci mini rai ba a jiki yake ba. Mutane suka fara gaishe ni da muryar ta'aziyya. In na shigo, sai a rage murya. In ana shawarar gida, sai a yi ta a gabana ba a tambaye ni ba. An binne ni ina numfashi, ni kuma na yarda na kwanta.

Ana nan sai Ishaya ya kira. Shi a Kuba ya haɗu da matarsa Katarina, 'yar ƙasar Gwatamala, daga mutanen da ake kira Maya. Bayan karatu suka koma garinsu, Nebaj, can cikin duwatsu, suna aiki a wani ƙaramin asibiti. Ya ce, "Mama, Katarina ta sauka lafiya. Mace ce. A al'adarsu sunan kaka ake sa wa jariri, mun sa mata naki."

Na yi takwara a ƙarshen duniya.

Ya ƙara da cewa mahaifiyar Katarina, Mama Huwana, tana wani ƙauye a saman dutse inda mota ba ta kaiwa. Idanunta sun mutu, ba ta iya saukowa. Ta ce burinta kafin ta bar duniya ta taɓa fuskar matar da jikarta ta ci sunanta.

Na ce masa zan zo.

Da Yaya Bulus ya ji, yayana da ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, ya zo har gida. Ya ce, "Rifkatu, ki ji tsoron Allah. Ke da kike hutawa kafin ki kai bakin titi? In kika faɗi a can, wa zai kawo mana gawarki?"

Na ce, "Yaya, a nan ma ai kun gama da ni. In mutuwa ce, gara ta same ni a hanya da ta same ni a kan tabarma ina jiranta."

Ya tashi ya fita. Na san ƙauna ce ta sa shi. Amma ranar nan wani abu ya miƙe a cikina da ya daɗe a kwance.

Kada wani ya ce na yi gangancin gwada Allah. Na je wurin likitana, ya auna ni, ya ce zan iya shiga jirgi, in riƙe magunguna, in yi komai a hankali. Na fara tattaki kowace safiya. Hajiya Zainabu ta saya mini takalman tafiya masu kauri a kasuwar Sultana, ta ba wani alhaji ya kawo mini. Ta kira ni ta ce, "In kika dawo ba su tsufa ba, ba ni ba ke."

Tafiyar tana da nisa, jirgi bayan jirgi. Ishaya ya tarye ni a babban birnin ƙasar, muka shiga wata doguwar bas mai fenti kala-kala, cike da mutane da kaji da buhuna. Hanyar sai hawa take tana lanƙwasa, rami a gefe, girgije a ƙarƙashinmu. Da muka gangara cikin kwarin Nebaj, na ga garin a shimfiɗe tsakanin duwatsu kore shar, farar majami'a a tsakiyarsa.

Katarina ta fito da gudu ta rungume ni, ta ce da Hausarta ta koyo, "Sannu da zuwa, Mama." Ta miƙo mini jaririyar. Da hannu ɗaya na karɓe ta, ina zaune, Ishaya yana tallafe da ita ta ƙasa don kada ta suɓuce. Na yi murna, amma abin ya soke ni.

Ranar kasuwa suka fita da ni. Ban taɓa ganin ja mai yawa haka ba. Kusan kowace mace da jan zane har ƙasa, da riga mai ado na tsuntsaye da dawakai wadda ita ta saƙa da hannunta, gashinta a naɗe da ƙyalle mai tuntaye. Masara fara, rawaya, har da baƙa. Wake, barkono, kabewa, tulin tumatir, aladu ƙanana a ɗaure da igiya. Maza suna ɗauko kaya a baya da maɗauri a goshi. Gajeru ne, ni kuwa kun san tsawona, ga baƙar fata, sai kallo ya koma kaina. Ban sunkuyar da kai ba. Na ja ƙafata a tsakiyar kasuwar, duk wanda ya kalle ni na gaishe shi.

Muka tsaya wurin wasu mata masu yin wainar masara da suke kira tortiya. Da tafin hannu biyu ake buga ƙullin har ya yi faɗi. Ɗaya ta miƙo mini ƙulli tana dariya. Na gwada, hannun hagu ya ƙi, ƙullin ya faɗi ƙasa, kare ya ɗauke. Suka fashe da dariya, ba dariyar tausayi ba, dariyar da ake yi wa mutum mai lafiya in ya yi shirme. Ta sake guntso wani ta danƙa mini. Rabon da a yi mini irin wannan dariyar tun kafin ciwon. Na ji kamar an zuba mini ruwa a lokacin zafi.

Da jikina ya saba da iskar wurin, muka shirya hawa. Mota ta kai mu inda hanya ta ƙare. Katarina ta goya jaririya, Ishaya ya rataya jakar magani. Sai na ga wani mutum riƙe da alfadari an ɗaura masa sirdi.

Na ce, "Wannan na wa?"

Ishaya ya ce, "Naki ne, Mama."

Na ce, "Ba zan shiga gidan surukata a ɗaure kamar buhun masara ba. Ya biyo mu a baya."

Hanyar siririya ce, duwatsu da taɓo, tana hawa tsakanin gonakin masara da dogayen itatuwa masu ganye kamar allura. Da farko ina tafiya ina waƙa a zuci. Can sai numfashi ya fara gagarata. Iskar saman nan ba ta cika ƙirji. Girgije ya sauko ya rufe mu, sanyi ya shiga ƙashina. Ƙafar hagu ta fara rawa, sannan ta ƙi ɗaguwa. Na taka wani dutse mai santsi, sai ga ni a ƙasa, fuskata cikin taɓo.

Kaina ya sara. Zuciyata tana bugawa kamar za ta fito. Ni nas ce, na san abin da nake tsoro. Na ce shi ke nan, ciwon ya dawo, a nan zai ƙarasa ni. Ishaya ya durƙusa yana auna jinina. Ya ce in ɗaga hannuwa, in yi murmushi, in faɗi sunana. Ya ce, "Ba shi ba ne, Mama. Gajiya ce da tsayin wurin. Amma don Allah ki hau dabbar nan, ko mu koma."

Na kifa goshina a kan dutsen, na buɗe bakina ga Ubangiji yadda ban yi ba tun ina gadon asibiti. Na ce, "Yesu, na yi fushi da kai, ka sani. Ban zo in roƙe ka sabuwar ƙafa ba. Wannan da ka bar mini, ita nake so ka tsayar. Tsoron nan da ya zauna a ƙirjina, na gaji da ciyar da shi. Ka fitar da shi." Sannan na ce wa tsoron, da ƙarfi, har mai alfadari ya ja baya, "Ba kai ka halicce ni ba, ba kai za ka faɗa mini inda zan tsaya ba."

Ina nan durƙushe sai na ji hannu a kaina. Wata tsohuwa ce mai saukowa da itace a baya, ba takalmi a ƙafarta. Ba ta san ni ba. Ta sauke kayanta, ta fara addu'a da yarensu. Ban gane komai ba sai sunan Yesu da amin. Da ta gama ta share mini taɓon fuska da gefen mayafinta, ta ɗauki itacenta ta wuce.

Ƙirjina ya yi sanyi. Ciwon kan ya lafa. Na sha ruwa, na huta har Ishaya ya gamsu. Sannan na dafa dutsen na miƙe. Ƙafar tana nan da nauyinta, amma na daina jin tsoronta. In ta ja, in jira ta. In ta tsaya, in tsaya, in sake ɗagawa. Haka muka yi ta yi har muka fito saman girgijen, rana ta buɗe, ga ƙauyen a gabanmu, gidajen katako da hayaƙi yana fita ta rufinsu, tumaki suna kiwo.

Mama Huwana tana zaune a bakin ƙofa, 'yar ƙarama, kanta fari fat. Katarina ta gaya mini a lokacin yaƙin ƙasarsu an kashe mijinta, ita kuma ta ɓuya cikin duwatsun nan da 'ya'yanta suna cin ganye. Na durƙusa a gabanta. Ta shafa fuskata da yatsunta, ta tsaya a gefen bakina da ya karkace, ta yi wata magana.

Katarina ta ce, "Ta ce ke ma an yi yaƙi da ke."

Na ce, "Gaya mata an yi, kuma ba a ci ni da yaƙi ba."

Tsohuwar ta yi dariya har da tari. Ta sa aka kawo mini kunun masara mai zafi. Sannan ta kwance jan mayafin da ke kafaɗarta, ta ce a goya mini takwarata. Ishaya ya matso zai taimaka, na ce ya tsaya inda yake. Na sunkuya, Katarina ta ɗora mini yarinyar a baya. Na kama gefe ɗaya da hannun dama. Na aika hannun hagu, ya tafi a hankali, ya kama ɗaya gefen, ya riƙe. Na ja, na ɗaure, irin goyonmu na gida. Na miƙe tsaye da jikata a bayana, na zagaya tsakar gidan nan ina rawa, ina kuka, ina kiran sunan Yesu. Halleluya!

Ba zan yi muku ƙarya a gidan Allah ba. Saukowa a kan alfadarin na sauko, gwiwoyina sun ce sun gama nasu. Har yau ina jan ƙafa, har yau ina shan magani, kuma zan ci gaba da sha. Amma matar da ta kwanta tana jiran mutuwa, a kan dutsen can na baro ta.

Na gode wa Ubangiji da ya ji ni ina cikin taɓo. Na gode masa saboda kowane hannu da ya aiko, na gida da na nesa. Kai da ke zaune a nan da ciwo a jiki, ke da aka gaya miki taki ta ƙare, ku dogara gare shi, ku sha maganinku, ku tashi. Ranar Asabar da safe zan hau tudun da ke bayan makarantar firamare. Mai sanda ya zo da sandarsa, mai jan ƙafa ya zo mu ja tare. Ba za mu yi sauri ba, kuma ba za mu bar kowa a ƙasa ba.

Ɗaukaka ta tabbata ga sunan Yesu. Amin.