Sharaɗin Gadin Ƙwan Kunkuru

Muna jiran jirgin ruwa a Tanjung Batu, na ji wani tsohon masunci ya tare wata mai rigar gidauniyar kare kunkurun teku.

"'Yata, ku kuka ɗauki maƙwabcina Sahrun gadin ƙwan kunkuru? Shekara ashirin yana sacewa!"

"Ai tallafin na tubabbun ɓarayin ƙwai ne, Baba."

"Ni da ban taɓa ɗaukar ko ɗaya ba fa?"

"Allah ya saka maka. Amma masu ba da kuɗin labarin tuba suke so, har da takardar kamun 'yan sanda."

Tsohon ya dubi teku.

"To, watan nan suke fitowa yin ƙwai. Yaushe za ku rufe ɗaukar suna?"