An Kwance Gidan Baba

Dela: Salamu alaikum! Malam Atiku, ba a magana, ƙugi kawai nika ji... Ta nan? Af, ashe juya shi na yi. Salamu alaikum!

Attahiru: Wa alaikumus salam. Attahiru ne, ofishin reluwe, Kaduna. Wa ke magana?

Dela: Yaya! Ni ce!

Attahiru: Ke wa?

Dela: Dela mana! Ƙanwarka!

Attahiru: Dela? Ikon Allah! Ke ce a waya? Daga ina?

Dela: Daga Bagudo. Tun jiya nit taho, na ƙetaro gulbi da kwalekwale, na sauka gidan Goggo. Malam Atiku akawu ne ya taimaka ya haɗa ni. Tun hantsi muna zaune, sai yanzu anka same ka.

Attahiru: Rage murya, ina jin ki sarai.

Dela: Kaduna da nisa, Yaya. In ban ɗaga ba, ƙaƙa za ka ji?

Attahiru: To, shi ke nan. Ina wuni?

Dela: Lahiya lau. Ina gajiya?

Attahiru: Babu gajiya. Ya kuke?

Dela: Lahiya. Ina aiki?

Attahiru: Da godiya. Ya Inna?

Dela: Tana lahiya, tana gaishe ka. Ina Jummai da jinjirin?

Attahiru: Suna lafiya, har ya fara zama. Ya ƙanena Manu da iyalinsa?

Dela: Lahiya lau suke.

Attahiru: Ya Goggo da ƙafar?

Dela: Da sauƙi. Tac ce in gaishe ka da kyau.

Attahiru: Ina amsawa. Ya kaka? Na ji an ce bana gero ya yi.

Dela: Ya yi kam. Ya yi ƙwarai.

Attahiru: Madalla. To, lafiya dai kika ƙetaro gulbi don ki gaishe ni?

Dela: Lahiya. Dama... akwatin nan naka na ƙarhe, na ɗakinka. Ina makullinshi?

Attahiru: Ina me?

Dela: Makulli! Na akwatinka!

Attahiru: Yana nan wurina. Me za ku yi da shi?

Dela: Ya yi nauyi, jaki ba ya ɗauka. Manu yac ce a raba kayan biyu. In babu makulli sai mu ɓalle kwaɗon, amma nic ce a bari a tambaye ka.

Attahiru: Jaki? Ina za ku kai mini akwati a kan jaki?

Dela: Yaya, mun kwance.

Attahiru: Kun kwanta? Wa ya kwanta? Inna ce?

Dela: Ba kwanciya ba! Kwancewa! Gida munka kwance, tashi za mu yi.

Attahiru: Wane gida?

Dela: Gida nawa gare mu? Gidan Baba.

Attahiru: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Dela, yi mini bayani a hankali. Ku tashi ku tafi ina?

Dela: Gona. Can ƙetaren dutsen iyaka, ƙasar Dahome.

Attahiru: Ban gane ba. Gonar da muke zuwa da safe mu dawo da la'asar, ita za ku koma?

Dela: Da ke nan. Yanzu an sa masu kaki a bakin dutsen, sun kafa rumfa, sun gicciya itace a hanya. Da damina ba su hana mu shiga ba, munka yi shuka, munka yi noma, suna kallo. Sai da munka yanke gero munka ɗaure, Manu ya koro jakuna da damman farko, sunka tare shi. Sunka ce abin da ƙasarsu ta haifa ba ya fita.

Attahiru: Ƙasarsu? Gonar da kakanmu ya sare da hannunsa?

Dela: Haka Manu ya gaya musu. Sunka ce ba su hana shi gonar ba. In shina son geronshi ya taho ya zauna can, a rubuta shi mutumin can, ya ci abinshi. Rumbunanmu uku a gida, ka leƙa ka ga ƙasa. Geron shina can jibge a hili, shanu na ja, gara na ci ta ƙasa.

Attahiru: Kun je wurin hakimi?

Dela: Sau biyu. Dattawan gari duka sunka tahi.

Attahiru: Me ya ce?

Dela: Ya ji tausayi, har ya tura mutum nashi. Amma yac ce magana ce ta gwamnati da gwamnati, ikonshi ya tsaya a bakin dutsen.

Attahiru: To, ku dakata. Yau ɗin nan zan rubuta takarda zuwa Birnin Kebbi, in aika wata Sakkwato. Ai yanzu mulki a hannunmu yake, ba kamar da ba. 'Yan'uwanmu ne a ofisoshin.

Dela: Su ma masu kakin haka sunka ce, mulki ya dawo hannunsu. Ɗayansu ma Dandanci, yaren nan na bakin iyaka, yake yi da mu, ya san Baba. Kwana nawa takardar za ta yi?

Attahiru: Wata ɗaya, ko biyu. Wataƙila ta ɗan... Dela? Kina ji na?

Dela: Ka ɓace! Yaya? Malam Atiku, ya ɓace... A'a, ga shi. Mi kac ce?

Attahiru: Na ce wata biyu!

Dela: Tuwon shekaranjiya da dawar da Goggo ta aiko anka yi shi. Mu goma sha huɗu ne a gidan.

Attahiru: Zan sa buhu biyu a jirgi zuwa Gusau, daga can mota ta ɗauko.

Dela: Allah shi saka. Buhu biyu ya kai mu ina? Wata kakar sai baɗi.

Attahiru: A nemi aron gona a wannan ɓangaren mana.

Dela: Manu ya taka har Kaoje. Fadama duk da masu ita. Abin da anka nuna mishi fako ne, ko akuya ba ta tsayawa. Kuma ko an samu, mi za a ci kafin ta nuna?

Attahiru: To ta daji fa? Ai akwai hanyar rafi, ba sai ta bakin dutsen ba.

Dela: Hamani maƙwabcinmu ya gwada. Sunka kama shi, sunka riƙe geron da jakin, ya dawo a ƙasa da igiya a hannu. Shi ne ma ya fara tashi. Gida bakwai sun riga mu, Yaya. Yanzu sahu ɗaya ba ya cika a masallaci.

Attahiru: Kuma duk wannan ba wanda ya aiko mini?

Dela: Manu yac ce kada a tada maka hankali, tunda ba abin da za ka iya. Ni ce na ƙi.

Attahiru: Ni ne babba a gidan nan! Ki gaya wa Manu na ce kada a taɓa ko tsinke sai na zo.

Dela: An riga an taɓa. Shekaranjiya anka sauke jinkar ɗakinka, maza takwas sunka ɗauke ta a kai, tana can. Ita ba su hana ta wucewa ba, shiga ba laihi, fita ce laihi. An cire ƙyamare duka. An kai turame biyu, da gadon Inna, da galmuna, da akurkin kaji. Randar nan babba ta zaure ta fashe a hannun matar Manu, tun ba a kai ƙofa ba.

Attahiru: Randar Baba?

Dela: Ita. Dutsen niƙa kuma ya gagara, ya shige ƙasa, mun bar shi. Ran nan ina naɗe tabarmin ɗakinka na tarar da littattafanka na elemantare a ƙarƙashi, gara ta cinye rabi. Na ɗaure sauran a tsumma, ban san ko kana so ba.

Attahiru: Bar maganar littattafai. Yaushe ne tashin?

Dela: Jibi.

Attahiru: Yaushe?

Dela: Jibi! Sun ce wanda bai rubuta kanshi ba kafin Juma'a, geronshi ya zama marar mai shi.

Attahiru: Ko yau na kama hanya, kwana huɗu ne. Kuma ba za a ba ni hutu ba, mu biyu muka rage a ofis.

Dela: Na sani. Ban kira don ka taho ba. Ko ka taho, wai nan gaba sai da takarda mai hoto za ka shigo wurinmu.

Attahiru: In nemi takarda don in gaida uwata?

Dela: Haka anka ce.

Attahiru: To ita Innar, me ta ce? Ki ba ni gaskiya.

Dela: Da farko ita da kanta ta sauke jerenta, ta raba wa mata. Tasoshin nan nata masu fure, ta ba wannan ta ba waccan, tac ce ba ta ga amfanin ɗora su a jaki ba. Munka ɗauka ta haƙura. Sai da anka zo ɗaukar jinkar ɗakinta, ta shimfiɗa buzu a tsakiya ta zauna. Kwana biyu ke nan, ɗakinta ne kaɗai da rufi a gidan.

Attahiru: A kawo mini ita nan. Manu ya rako ta Gusau, ni in tare su.

Dela: Ɗaki ɗaya gare ka, kai da Jummai da jinjiri. Kuma na gaya mata. Tac ce ita da ba ta yarda da tahiyar hantsi ba, ita ce za ta yi ta kwana huɗu?

Attahiru: To ta zauna wurin Goggo a Bagudo.

Dela: Gulbi ne tsakani, ya fi nisa. Yaya, ba ka gane ba. Ba gidan take riƙo ba. Kabarin Baba ne a bayan ɗaki. Ta daɗe da nuna wa Manu wurinta a gefenshi.

Attahiru: Allahu akbar.

Dela: Shi ya sa na ƙetaro. Tac ce za ta tashi, ba za ta sa jikokinta su kwana da yunwa ba. Amma sai in kai, babban ɗanta, mai aikin gwamnati, ka yi mata alkawari da bakinka.

Attahiru: Alkawarin me?

Dela: In ta cika a can, a maido ta gida a sa ta kusa da shi.

Attahiru: Dela...

Dela: Manu ya yi mata, tac ce nashi ba ya ci, tunda ko dami ɗaya ya kasa ƙetarowa da shi. Naka take so.

Attahiru: Ni wane ne a wurin mutanen nan? Akawun kaya ne ni a tasha, ban san kowa a can ba. Waɗanda suka hana gero, na san abin da za su yi da makara?

Dela: Ni ma na yi wanga tunani tun daga bakin gulbi har nan.

Attahiru: Kuma in garin ya watse, wa zai yi haƙa? Wa zai yi salla?

Dela: Ban sani ba. Kai dai ka ce i, in kai mata.

Attahiru: In yi wa Inna ƙarya a kan kabarinta?

Dela: To in ce mata ka ƙi? Ta zauna ita ɗaya a kango, ko mu ɗauke ta da ƙarhi tana kuka gaban jikoki? Zaɓa mini ɗaya... Na'am, Malam? Don Allah ɗan ƙara mini kaɗan, yanzu zai faɗa. Yaya, wai lokaci ya cika, akwai masu jiran layin a Birnin Kebbi.

Attahiru: Tsaya, bari in yi tunani. Ki ce mata... ki ce Attahiru ya ce in Allah ya...

Dela: Ba ta karɓar wannan, ta riga ta gaya mini. I ko a'a.

Attahiru: To, ji nan. Ki gaya mata ni...

Dela: Kai mi? Ɗaga murya, ƙugin ya dawo! Yaya? Kai mi? Yaya Attahiru! Malam, ya yi shiru. Girgiza abin mana... An yanke? A sake haɗawa... Sai gobe? Gobe ina kan ruwa. Kai ba ka ji abin da yac ce ba? To ni mi zan gaya mata?