Rubutun da Aka Ɓoye wa Maƙwabci

Shafin wani mai takalma ya daɗe a intanet, ko silifa bai sayar ba.

Ran nan yana zaune a ɗakin jiran likitan ido, sai wani dattijo da bai sani ba ya miƙo masa waya.

"Bawan Allah, karanta min farashin nan. Shafin nan ne ya kawo ni asibiti, na zaci idona ne ya mutu."

Mai takalma ya duba, sai ya ga shafinsa ne.

"Baba, ai ya yi kyau. Dubi hoton mai shagon."

"Kansa ya cika waya, takalmin kamar ƙuda. Shi zan sa a ƙafa?"

"Da gangan aka ƙanƙanta rubutun. Maƙwabcinsa ne ke leƙowa yana karya masa farashi."

"Mai manyan baƙaƙen nan? Ai a wurinsa na sayi wannan."

Dattijo ya ɗaga ƙafa. Sai ya dubi waya, ya dubi mai takalma.

"Tsaya! Wannan ba hancinka ba ne?"

"Baba, rage murya."

"Ashe idona lafiya lau!"

Mai takalma ne ya biya kuɗin katin da dattijon ya yanka, ya haɗa masa da na mota.