Kyanwar da Ta Ciji Baba

A bencin jiran likita, wata mai ɗinki ta ƙura wa kumburarren yatsanta ido. Dattijon da ke gefenta ya leƙo.

"'Yata, me ya cije ki?"

"Kyanwa ce, Baba. Na shanye ragowar maganin maƙwabciyata, amma kamar ruwa na sha. Tsorona kar a yanke shi, da shi nake cin abinci."

"Kwantar da hankalinki, nawa ya fi naki lalacewa." Ya nuna mata tabo a hannunsa. "Mugunyar za su ɗan ɗiba su gwada, su gano maganin da ke kashe ƙwayar cutar. Ni ma na farkon bai yi min ba, na kuwa ce musu kyanwa ce. Da aka gwada, likita ya ce wannan ƙwayar daga bakin mutum ta fito. Yana canza magani kumburin ya sace."

Ta sauke ajiyar zuciya, har da murmushi.

"To Baba, wa ya cije ka?"

Dattijon ya sosa ƙeya.

"Kyanwar tana gida. Haƙoranta huɗu, tana ce min Kaka."