Ƙafar Maigidana a Kan Garwashi

Assalamu alaikum mai gabatarwa, tare da masu saurare. Ni ce Hadiza daga Madarunfa.

Ranar da na ji ƙaurin fata, na leƙo na ga diddigen maigidana kan garwashi yana ta hirarsa, ranar na gane ba sanyin tabki ke damunsa ba. Masunci ne, yana da ciwon sukari. Ya daɗe yana kukan ƙafafunsa sun yi sanyi, in ya ɗan yi tafiya sai sharaɓarsa ta ɗaure. Kowa ya ce sanyin ruwa ne, a gasa. Ƙunar ta ƙi warkewa, ta yi baƙi. A Maraɗi likita ya ce jini ne ba ya isa ƙafar. Aka yanke ta, amma bai tashi ba. Allah ya jiƙansa.

Yayana ma yana da sukari, kuma jiya na ga ya jawo kaskon wuta gaban ƙafarsa. Na yi magana, ya yi dariya ya ce, "Ke Dije, takaba ta bar miki tsoro."

Don Allah ku ba ni shawara, yana jin shirinku. Har yanzu bai je an duba ƙafar ba.